Abin da Nathan Ya Ajiye a D

Duk wanda ya taɓa kai shadda a yi mata aikin wuya a layin teloli na Kasuwar Wuse ya san Nathan, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan da ke zama a ƙuryar shagon Hajiya Nafeesa, bayan injin monogiram, hancinsa na neman taɓa gilashin kwamfuta. Injin ne ke ɗinka aikin da ake gani a wuyan kaftani da gaban babbar riga, amma inji bai san fure ba, bai san aska ba, sai abin da aka zana masa a kwamfuta ɗigo bayan ɗigo aka zuba masa ta filash. Nathan ne mai zanen. Shekara goma sha biyu yana yi, har ya tara zane dubu uku da ɗoriya, kuma ban da su ba shi da wani abu a duniya da wani zai kalla sau biyu.

Ɗan Paikon Kore ne, can wajen Gwagwalada. Ubansa manomin doya ne, mutum mai zafin hannu, wanda ya rasa yadda zai yi da yaron da in an kai shi gona sai a tarar da shi a gindin bishiya yana zane da tsinke a ƙasa. Ya zana jikin rumbu da gawayi, ya sha duka. Ya zana bangon coci, ya sha duka biyu, na uba da na katikis, malamin cocin. Ranar da ya cika sha tara uban ya ce masa a gaban ƙannensa shi bai haifi mai amfani ba, ya tafi inda ake ciyar da malalata. Nathan ya ɗauki leda ɗaya ya shigo Abuja. Ya yi rubutun allon shaguna, ya yi buga takardu a wani shagon kwamfuta, har injinan monogiram suka shigo kasuwa aka rasa masu zana musu. Nan ya samu gurbinsa. Kafin nan ya riga ya yi aure, ya kama ɗaki biyu a Karu, uban kuma ya mutu bai taɓa tambayar wace sana'a ɗan nasa yake yi ba.

Sana'ar tana da cutarta, wato sata. Zanen da mutum ya kwashe kwana huɗu yana yi, filash na kwashe shi kafin a ƙifta ido. A shekararsa ta farko wani abokin aiki ya ari filash ɗinsa wai zai ɗauki waƙa, kafin sati ya zagayo zanen Nathan tamanin sun bazu a shagunan Wuse har Nyanya. Tun daga ranar ya rufe. Kwafi ɗaya tak, a kwamfutarsa. In za a yi aiki sai ya ɗora zane ɗaya a filash, ya kai wa inji da hannunsa, ana gamawa ya goge a filash ya goge a inji. Teloli suna ce masa marowaci, yana ji, bai fasa ba.

Hajiya Nafeesa ta fi kowa jin haushin wannan. Tsohuwar babbar ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, ta yi ritaya ta buɗe shago, kuma ba ta saba ta nemi abu a hannun na ƙasa da ita a ce mata a'a ba. Duk ƙarshen shekara sai ta ajiye masa sabon filash a kan tebur.

"Nathan, ka zuba mini. For record purposes."

"Hajiya, ki yi haƙuri. Wannan abin, ni da shi ne."

Sai ta ɗauke filash ɗinta, ta bi shi da kallon da ake yi wa tsohon firjin da ba a samu madadinsa ba.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi idonsa ne. Shekara uku da suka wuce likita ya ce masa hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ya tafi. Gani ya yi ta tsukewa, hazo ya hau kan ɗan abin da ya rage. Sabon zane ya gagare shi. Sai ya koma dabara: ya san zanensa da lamba, a ka, ya san wanda zai ɗauko reshensa ya haɗa da furen wani a samu abin da za a kira sabo. Yana tsammanin ba wanda ya gane. Hajiya kuwa ta gane tun tuni, ta ma taɓa faɗa wa wata ƙawarta a waya, yana zaune yana ji, cewa ita ba ma'aikaci take ajiye da shi a ƙuryar nan ba, kwamfuta ce, sai dai kwamfutar ta zo da mutum a maƙale.

To, kwamfutar ce ta fara ciwo. Ta tsufa, tana ƙara kamar injin markaɗe, tana mutuwa ana tsakiyar aiki. Nathan ya kai ta wajen Godfrey, mai gyara a ƙarƙashin benen wani filaza da ke bakin kasuwa. Cocinsu ɗaya a Karu, Godfrey ma ɗan kwaya ne, masu waƙar coci, mai murya, mai fara'a, irin mutumin da ke kiran kowa ɗan'uwa. Suka yi musaya: Godfrey ya karɓi tsohuwar, ya ba shi wata 'yar kwatano mai kyau. Faifan ajiyar da ke cikinta an raba shi ɗaki biyu, yadda aka saba, C na Windows, D na kayan mai ita. Godfrey ya kwashe zanen kaf ya zuba a D, Nathan na tsaye a kansa har aka gama, ya buɗe ya ga suna nan.

Sai dai sabuwar Windows 10 ce a kanta, manhajar zanen Nathan kuwa tsohuwa ce, ba ta san kowa ba sai Windows 7. Ya danna ta ƙi. Ya sake dannawa ta buɗe ta rufe. Kwana biyar yana fama, Hajiya na tsaki a bayansa, ranar Asabar da hantsi ya koma ƙarƙashin bene.

"Small thing," in ji Godfrey. "Zan sauke 10, in sa maka 7."

"Godfrey, don Allah. Wannan D ɗin, rayuwana ne a ciki."

"Haba Oga Nathan! C kawai zan yi format. D ba na taɓa shi. Ko yaro na goye a wannan kasuwa ya san haka."

Kuma gaskiya ne, kowa ya san haka. Shi ya sa duk mai kwamfuta a Wuse ke tura kayansa D ya kwanta da minshari. An yi shekaru ana share C, D na nan daram, har abin ya zama kamar doka.

Nathan ya zauna a benci. Godfrey ya soka filash ɗinsa, ga kwamfutoci huɗu a buɗe a gabansa, ga wata mata na tsaye tana jira, ga waya a kunne. Da aka zo inda za a zaɓi ɗakin da Windows za ta sauka, sai rubutu ya fito cewa ba za a iya sa ta a wannan faifan ba, tsarinsa GPT ne. Ma'anar ba wuya. Sababbin kwamfutoci da sabon tsari ake yanka faifansu, tsohuwar Windows ɗin da ke filash ɗin Godfrey kuwa tsohon tsari ta sani, wanda ake kira MBR. Akwai hanyar lafiya: a kwashe kayan D a wani faifai, a sauya tsarin, a mayar da su. Aikin awa biyu ne, bai fi ba. Akwai kuma gajeriyar hanya da Godfrey ya haddace a wajen ogansa ba tare da ya taɓa tambayar ma'anarta ba: a buɗe baƙin allo, a rubuta kalmomi kaɗan, faifai ya koma tsohon tsari nan take. Ya yi wa kwamfutocin kwatano wannan fiye da sau ɗari, amma duk fanko suke zuwa, ba komai a ciki balle a ga ɓarna. Hanyar rusau ce, ba ruwanta da C, ba ruwanta da D, gidan gaba ɗaya take kwantarwa.

Nathan ya ji ƙarar maɓallai, kaf kaf kaf. Sai ya ji Godfrey ya daina magana a waya. Nathan ya ɗago kai.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Oga. Abin zai ɗauki time. Je ka ci abinci, ka dawo ƙarfe huɗu."

A nan ne nake jin zafin Godfrey, ba a kuskuren ba. Kuskure kowa na yi. A daidai wannan lokacin zanen Nathan suna nan kwance a faifan, katangar ɗakin kawai aka ture, duk wanda ya san aiki zai iya tsamo su. Da ya cire hannunsa ya ce ɗan'uwa na yi ɓarna, da shi ke nan. Amma ga mutane a tsaye, ga sunansa na gwani, kuma ya san mutumin da ke gabansa ba ya gani sosai. Sai ya sake yanka faifan ɗaki biyu, ya sa Windows 7 a C, ya sa manhajar, sannan ya jawo babban faifansa na fina-finai, wanda masu gyara ke zuba wa kwastoma a matsayin gyara, ya ɗura wa sabon D har wuya. Kowane fim da ya shiga, a kan zanen Nathan ya kwanta.

Ƙarfe huɗu Nathan ya dawo. Godfrey ya buɗe manhajar a gabansa, ta buɗe sumul. Ya nuna masa D, layin nan da ke nuna cikar ɗaki ya yi ja ya kai ƙarshe, ko mai rabin ido zai gani.

"Ka gani? Cike yake. Na ma ƙara maka jara, films, yara su ji daɗi."

"Bari in buɗe in duba."

"Oga, sun ɗauke wuta, battery zai mutu, kuma 7 ba ya son a kashe shi da ƙarfi. Ka duba a gida." Ya rufe murfin da tafin hannunsa.

Nathan ya ji sanyi a ransa. Har ya tsallaka ya sayo wa Godfrey lemo mai sanyi, ya ce Allah ya ƙara basira. Godfrey ya karɓa, ya shanye a gabansa. Ranar Lahadi kuma ya tsaya a sahun kwaya ya rera waƙa da muryarsa mai daɗi, bayan an tashi ya kama hannun Nathan biyu-biyu ya tambayi madam da yara.

Litinin da safe Hajiya ta shigo da aiki: kaftani arba'in na abokan ango, biki ranar Asabar, angon ya zaɓi zane a cikin hotunan shago. Nathan ya ce wannan lamba dubu ɗaya da ɗari biyu da sha huɗu ne, bai ko duba ba. Ya buɗe D. Ya kai fuskarsa kusa. Ya ja baya, ya murza ido, ya sake kaiwa. Ya cire tabarau ya goge da riga. Abin da bai taɓa yi ba cikin shekara goma sha biyu, ranar ya yi, ya juya kwamfutar ya ce, "Hajiya, don Allah ki karanta mini abin da yake nan."

Ta sunkuya, ta gyara mayafi, ta karanta da ƙarfi yadda telolin shagon duka za su ji.

"Indiya. Koriya. Kokawa. Katun. Waƙoƙin coci." Ta ɗago. "Wanne za mu ɗinka wa ango?"

Teloli suka fashe da dariya. Ba mugunta suka yi niyya ba, sun ɗauka wasa ne, sai da suka ga Nathan ya rungumi kwamfutar ya fita ba takalmi a ƙafa ɗaya.

Godfrey bai ko miƙe ba da ya gan shi. Ya dai ɗaga murya don maƙwabta su matso, tun da ya san mai gaskiya shi kaɗai ba ya iya wa taro.

"Ni? Ni na goge? Jama'a ku ji fa! Wannan mutum ya duba D ɗinsa cike, ya ce na gode, har ya saya mini mineral. Two days yana gidansa. Wa ya san abin da yaransa suka danna?"

"Ba wanda ya taɓa ta. A jaka yake tun Asabar."

"Ka gani da idonka ko ba ka gani ba?"

Wani mai sayar da caja daga baya ya ce, "Wane idon?" Aka yi dariya.

Nathan ya juya ga Godfrey. Ya ce to ya ji, a ba shi tsohuwar kwamfutarsa minti goma kawai, zanen suna cikinta. Godfrey ya buɗe hannuwa. Ai tun ranar Laraba ya wanke ta tas ya sayar wa wani ɗan bautar ƙasa da zai tafi Taraba, bai karɓi lambarsa ba, shi ba ofishin 'yan sanda ba ne. Sannan ya juya ga kwastoman da ke jira ya ce, "Yes, madam, me ya samu naki?"

Wani ya tausaya ya kwatanta masa shagon Farouk a hawa na biyu, injiniya ne da ya yi karatun abin, aikinsa ke nan tsamo abin da ya goge. Farouk ya karɓi kwamfutar ya haɗa ta da tasa, ta kwana tana bincike. Talata da yamma ya zaunar da Nathan, ya yi masa bayani dalla-dalla cikin ladabi, kuma da ma bai yi ba.

"Baba, da a ce bayan gogewar an tsaya, an hawo nan da ita, wallahi kafin ka gama shan ruwa na dawo maka da komai. Ba gogewar ce ta kashe su ba. Fina-finan nan ne. Wanda ya zuba su ya san abin da yake yi."

Abin da aka samu zane goma sha ɗaya ne, bakwai a ciki ba sa buɗewa. Nathan ya sauko daga benen yana lalube da hannu. Ya wuce ta gaban Godfrey, wanda ke cin shinkafa a roba, bai tsaya ba, don ya san in ya tsaya ƙarshenta ofishin 'yan sanda ne, kuma shi za a rufe.

Laraba ya je shago tun kafin a buɗe. Hajiya ta iso da wata matashiya mai suna Halimat, mai tabarau na ado da kwamfutarta a jaka, ta ce ta zauna tukuna. Sai ta ɗauko wani tsohon kaftani mai zanen da ango ya zaɓa ta shimfiɗa a gaban Nathan.

"Kai ka zana shi. Sake zana shi. Awa ɗaya."

Ta san ba zai iya ba, shi ma ya sani, amma ya zauna. Hannun bai manta ba, ya san inda reshe ke lanƙwasa, ya san inda zare ke juyawa. Idon ne ba ya nuna masa inda ya ajiye ɗigon baya. Gumi ya jiƙa masa riga. Kekunan ɗinki duk sun tsaya. Da awa ta cika Hajiya ta ce a ɗora a inji, a kan ƙyalle. Inji ya yi ta sassarfa, ya fitar da wani abu a karkace, furen a gefe, reshen ya hau kansa, zare ya cukurkuɗe a tsakiya. Ta ɗaga ƙyallen da yatsa biyu ta zagaya da shi kowa ya gani, har Halimat, wadda ta sunkuyar da kai don kunya.

"Shekara nawa ina roƙonka kwafi, Nathan? Da ka ba ni, da yau suna nan." Ta ajiye ƙyallen a kan cinyarsa. "Ba zan yi maka ƙarya ba, da ka ba ni da tun bara waccan na sallame ka. Amma dai da suna nan. Ka tashi, yarinya za ta zauna."

Ya tashi. Ba wanda ya ce masa sai wata rana. Mai guga ne kawai ya miƙo masa kofinsa na shayi da ya manta a kan taga.

Da rana tsaka ya shiga motar Karu, lokacin da bai taɓa komawa gida ba. Matarsa Christina tana kasuwa wajen tumatirinta. Hutu ake yi, 'yarsa Treasure, mai shekara goma sha huɗu, tana wanki a tsakar gida, ƙannenta biyu na wasa. Suka yi masa sannu da zuwa, suna mamaki. Ya wuce su. Ya shiga falo ya ajiye kwamfutar a kan tebur ya buɗe, ya durƙusa a gabanta, ya sake shiga D, ko Farouk ya tsallake wani lungu. Ya shiga Indiya, ya fito. Ya shiga Katun, yana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya da hancinsa a jikin gilashi. Yatsansa ya zame, wani fim ya buɗe, kiɗa ya cika ɗakin.

Yaran suka rugo. Kwamfutar Baba, wadda ko jakarta ba a yarda su taɓa ba, yau ita ce ke katun! Ƙaramin ya yi tsalle ya faɗa kujera. Treasure ta shigo tana goge kumfa a zaninta, fuskarta cike da murna.

"Baba, kai ka sa mana? Wayyo, Baba, mun gode!"

Suka jeru a kujera suna jira. Shi kuwa yana nan durƙushe, bai motsa ba, hawaye na gangarowa ta ƙasan tabarau inda ba sa gani. A gilashi wani abu ya faɗo wa wani a ka, ƙaramin ya ƙyalƙyale, ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu.

"Baba," in ji Treasure a hankali, "ɗan matsa mana. Kanka ya tare."